Hoton hular sanyi ya shiga tsakanina da maƙwabciyata

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekaruna 34, 'ya'yana uku, muna zaune a wata unguwa a cikin Zariya. Mahaifiyata ta rasu ina da shekara tara, kuma abin da ya rage mini na kamanninta shi ne ƙaramin hoto guda ɗaya irin na fasfo wanda ruwa ya ci gefensa. Wannan ne ya sa tun da na haifi autana, shekara biyu ke nan, na ɗaukar wa kaina al'adar yin hoto kullum a cikin gidanmu. Nakan ɗauki yara suna karyawa, ko babansu yana gyaran babur a zaure, ko kakarsu tana tsince shinkafa, sai in zaɓi ɗaya in ɗora a sitatus ɗin WhatsApp. Ban da haka ina da sha'awar aikin hannu, kuma kowane lokaci na shekara akwai abin da nake yi wa maƙwabta. Da hunturu ina saƙa wa yara hular sanyi da kwarashi, da bazara in yi maficin kaba, da Sallah kuma in saƙa faifai mai launi in rufe cincin da shi.

Da hunturun bana na saƙa wa ɗan maƙwabciyata hula da safa. Mijinta ya rasa aikinsa, kuma kowa a layinmu ya sani. Yaron ya shigo gidanmu da hular a kansa, na ɗauke shi hoto tare da 'ya'yana, na ɗora, na rubuta a ƙasa cewa alhamdulillah mun raba wa yaran maƙwabta kayan sanyi. Washegari ta aiko da hular da safar a cikin leda, ta ce a gaya mini su ba mabarata ba ne. Tun daga ranar da ƙyar take amsa gaisuwata. Da maigida ya ji labari sai ya ce daga yau babu hoto, babu kyauta. Hajiya surukata ta ce dama ta daɗe tana tsoron bakin mutane a kan yaran. Ita ma babbar 'yata mai shekara 11 ta fara rufe fuska da mayafi idan na ɗaga waya. Wallahi ban yi nufin gori ba. Shin in haƙura da komai ne, ko akwai hanyar gyara?

'Yar uwarku daga Zariya.

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya kai haske kabarinta. Na daɗe a kan jimlar da kika ambaci ƙaramin hoton da ruwa ya ci gefensa, domin ita ce ta bayyana mini dalilin duk abin da kike yi, kuma ina ganin har yanzu mutanen gidanki ba su ji wannan dalili daga bakinki yadda ni na ji shi ba. Amsata a taƙaice ita ce kada ki haƙura da komai. Ɗaukar hoton iyalinki ba shi ne ya jawo wannan rikici ba, saƙa wa yaro hula ma ba shi ba ne. Abin ya lalace ne a daidai wurin da kika haɗa su biyun kika kai su gaban jama'a, kuma wannan wurin kaɗai ne yake bukatar gyara.

Bari mu fara da maƙwabciyarki, domin ita ce wadda aka ɓata wa, kuma ita ce ya kamata ki fara nema. Ki ɗan tsaya a matsayinta. Mace ce da gidanta ya shiga ƙunci, tana ta ƙoƙarin rufa wa mijinta asiri, tana wanke wa yaranta kaya fes don kada a ga alama. Da dare ta buɗe wayarta, sai ga ɗanta a sitatus ɗinki da hular da ba ita ta saya ba, ga kuma rubutu a ƙasa. Ba ta san adadin waɗanda suka gani ba, kuma mai yiwuwa a cikinsu akwai dangin mijinta ko ƙawayenta, watakila ma wani ne ya kira ta ya yi mata jaje kafin ita ta gani. Sannan ki lura da kalmar da kika zaɓa. A bakin Bahaushe, rabawa ta sadaka ce da zakka da kayan tallafi, abin da mai hali yake yi wa marasa hali suna tsaye a layi. Da kin ce kin saƙa wa ɗanki da abokinsa hula iri ɗaya, da wata magana ce daban, amma da kika ce kun raba, sai kika sa ɗanta a sahun masu karɓa ba tare da kin sani ba. Na yarda da rantsuwarki cewa ba ki nufi gori ba. Sai dai wanda aka yi wa kyauta ba ya ganin zuciyar mai bayarwa, abin da ya iso gare shi yake aunawa, kuma ba a banza ba ne Alƙur'ani a aya ta 264 ta Suratul Baƙara ya gargaɗe mu da kada mu ɓata sadakarmu da gori da cutarwa. Cutarwa tana iya aukuwa ko da mutum bai yi niyyarta ba.

Akwai kuma haƙƙi na biyu da kika taka, wanda zai kasance nan ko da babu maganar talauci a ciki, wato fitar da hoton ɗan wata ba da izininta ba. Ko a hukumance, dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023 ta ɗora wa masu sarrafa bayanan yara neman amincewar iyaye ko waliyyai. Ba ina nufin wani zai kai ki ƙara a kan sitatus ba ne, ina dai nuna miki cewa har hukuma ta yarda fuskar yaro amana ce a hannun iyayensa, kuma al'adarmu ta riga dokar sanin haka.

Saboda haka ki je da ƙafarki, kada ki aika yaro, kada kuma ki tura saƙon waya, tunda waya ce ta haddasa abin. Ki nemi izinin maigida, ki bar wayar a gida, ki zaɓi lokacin hantsi da yara suka tafi makaranta kuma babu idon kowa. Kada ki tafi da hular, kada ki tafi da wata kyautar a madadinta, domin duk abin da kika riƙo a ranar zai zama kamar kina sayen yafiyarta ne. Idan kun gaisa, kada ki fara da kare kanki. Ki ce mata kin zo ne ki ba ta haƙuri, kin ɗora hoton ɗanta ba da saninta ba, kin kuma rubuta maganar da ba ta dace ba, kin goge hoton daga wayarki, ba kuma za ki sake ba. Ki tabbata kin goge ɗin kafin ki faɗa. Maganar cewa ba ki yi nufin haka ba ki bar ta ta zo daga baya, idan ita ta buɗe ƙofar. In ta yi faɗa ki saurara har ta gama, in ta yi kuka ki zauna da ita, in kuma ta amsa da sanyi ta ce ba komai alhali fuskarta ba ta nuna haka ba, ki yi godiya ki tashi, ki ci gaba da gaishe ta kullum ko da amsar gajeriya ce. Idan makonni uku ko huɗu suka wuce babu sauyi, sai ki nemi wata dattijuwa a layin da ku duka kuke ganin girmanta ta shiga tsakani a asirce.

Ga wata dabara da na ga tana aiki fiye da kowace kyauta. Bayan ƙura ta lafa, ki nemi wani abu a wurinta. Ki aika aron rariya, ko ki tambaye ta yadda take haɗa yajinta, ko ki roƙe ta ta duba miki yara na ɗan lokaci. Abin da ya yi mata ciwo shi ne an mayar da ita mai karɓa kawai, kuma maganinsa shi ne ta sake jin cewa ita ma tana da abin bayarwa, kina kuma bukatarta. Zaman maƙwabtaka yana ɗorewa ne idan kwano yana fita daga gidan nan yana shiga wancan, gobe kuma ya dawo da wani abu a ciki. Hular nan kuwa ki ajiye ta ko ki sa wa autanki, kada ki sake aika ta.

Game da maigida, ni ban ɗauki maganarsa a matsayin hukuncin ƙarshe ba. Magana ce ta mutumin da aka ba kunya. Kada ki manta shi ne yake haɗuwa da mijin maƙwabciyar a masallaci, watakila kafaɗa da kafaɗa a sahu ɗaya, kuma namijin da ya rasa aiki yana jin irin wannan abu har cikin ƙashinsa. Ki bi umarninsa a yanzu yadda ya faɗa, kada ki riƙa ɗaukar hoto a ɓoye, domin ranar da ya gano, maganar za ta tashi daga hoto ta koma rashin amana. Ki bari sai kin je kin ba maƙwabciya haƙuri, ki gaya masa yadda kuka yi, kwana goma ko makamancin haka su wuce. Sannan ki samu daren da hankalinsa yake kwance, ki ɗauko hoton mahaifiyarki ki sa masa a hannu, ki gaya masa abin da kika gaya mini, cewa wannan hoton kaɗai ne ya rage miki na kamanninta, kuma ba ki so 'ya'yanku su girma da irin wannan rashi. Daga nan ki kawo masa sharuɗɗa da kanki tun kafin ya nema: za ki riƙa ɗauka ne don ajiya a gida, ba za ki ƙara ɗora fuskar kowa a sitatus ba, ba za ki ɗauki ɗan wani ba sai uwarsa ta yarda, kuma duk hoton da bai kwanta masa ba za a goge. Yawancin maza abin da suke ƙi shi ne a buɗe cikin gidansu ga duniya, ba su ƙi a ajiye musu tarihin 'ya'yansu ba.

Idan duk da haka ya tsaya a kan bakansa, kada ki mayar da abin rigima, kuma buƙatarki ba ta mutu ba. Ki sayi littafi mai kauri, kullum da dare ki rubuta kwanan wata da layi biyu ko uku: yau auta ya faɗi kalmar farko, yau haƙorin wane ya fita, yau an yi ruwan farko yara sun fita tsakar gida suna tsalle. Ki riƙa zana tafin hannun kowane yaro a shafi ɗaya duk shekara. Irin wannan littafi yana riƙe abin da kamara ba ta iya riƙewa, kuma sau da yawa idan miji ya ga yadda matarsa ta ɗauki abu da muhimmanci ba tare da ta saɓa masa ba, shi da kansa yake sassautawa.

Hajiya ma ba ta faɗi abin banza ba. Kambun baka ya tabbata a hadisi ingantacce, kuma ba kowane mai kallon yaranki suna cin abinci mai kyau kullum ne yake musu fatan alheri ba. Hukuncin hoton kamara kansa malamai sun yi saɓani a kai, don haka idan wannan ne yake damunta, ku tambayi malamin da gidanku ya amince da shi. Ni abin da zan ƙara a kan tsoronta na zahiri ne. Sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, amma duk wanda ya gani yana iya ɗaukar hoton fuskar wayarsa ya ajiye ko ya tura gaba, kuma daga nan ba ki da iko da shi. Hoton kullum kuwa yana tara bayanai a hankali. Yau bajon makaranta a rigar yaro, gobe lambar babur, jibi ƙofar gida da lokacin da yara suke fita, har wanda ba ki sani ba ya haɗa taswirar rayuwarku. A halin tsaron da muke ciki wannan ba abin wasa ba ne. Ki je ki gaya wa Hajiya cewa kin ji maganarta kuma kin daina ɗorawa, ki tambaye ta ko tana so a riƙa ɗaukarta ko ba ta so, ki kuma tsaya a kan abin da ta zaɓa. Idan ta yarda, ki naɗi muryarta tana ba jikokinta tatsuniya ko tana lissafa musu asalin danginsu, domin wata rana wannan muryar za ta fi hotuna ɗari daraja a wurinsu.

Yanzu ga wadda ta fi ba ni tausayi a wasiƙarki bayan maƙwabciya, wato 'yarki. Yarinya mai shekara 11 tana bakin ƙofar girma, jikinta da tunaninta suna sauyawa, kunya tana shigarta, kuma akwai yiwuwar 'yan ajinsu suna ganin hotunanta a wayoyin iyayensu mata suna tsokanarta da su, ita kuwa ba ta da bakin da za ta ce wa mahaifiyarta ta daina. Mayafin da take ja ta rufe fuska shi ne maganarta. Ki kira ta ɗaki ku biyu, ki tambaye ta ko akwai hoton da ya taɓa ɓata mata rai, ki ba ta wayar ta goge duk wanda ba ta so da hannunta. Daga yau ki riƙa neman izininta kafin ki ɗauka, in ta ce a'a ki sauke wayar ba tare da ɓata fuska ba. Yarinyar da ta koya a gida cewa tana da ikon hana a ɗauke ta hoto, ita ce gobe za ta iya hana wani a waje.

Kuma ina da tambaya gare ki, ki amsa wa kanki tsakani da Allah. A cikin hotunan shekara biyun nan, guda nawa ne ke kike ciki? Na tabbata kaɗan ne, domin ke ce kullum a bayan waya. Abin da ya dame ki tun kina ƙarama shi ne rashin hoton uwa, ga shi kina tara wa 'ya'yanki ɗaruruwan hotunan kowa da kowa ban da uwarsu. Idan suka girma, ba hoton kansu suna shan koko za su fi nema ba, fuskarki za su nema, da hannuwanki a kan kwarashi, da yadda kike zama a bakin murhu. To idan maigida ya sassauta, ki miƙa wa 'yarki wayar ki ce ita ce mai ɗaukar hoton gidan a ranakun Juma'a, ta ɗauke ki yadda kike, ba sai kin yi kwalliya ba. Za ki samu hotunan da kike bukata, ita kuma za ta tashi daga wadda ake farauta da kamara ta koma mai riƙe da ita.

Sai maganar ajiya, domin hoton da yake cikin waya ɗaya kawai yana iya tafiya da faɗuwa ɗaya a bokitin ruwa ko da hannun ɓarawo a kasuwa. Hoto guda na wayoyin yanzu yakan kai megabait uku zuwa huɗu, don haka hoto ɗaya a kullum na shekara guda bai fi gigabait ɗaya da rabi ba. Google yana ba kowane mai adireshin Gmail gigabait 15 kyauta, wanda imel da Google Photos suke rabawa, kuma wannan zai ishe ki shekaru idan kina tacewa kina zubar da maimaici. Ki rubuta kalmar sirrin a takarda ki adana, ki kuma kwafe hotunan a katin memori duk bayan wata uku. Kada ki dogara da waɗanda kika tura ta WhatsApp, domin yana rage musu inganci. Mafi muhimmanci, duk ƙarshen shekara ki zaɓi kamar guda ashirin ki kai a wanke miki a takarda, ki rubuta kwanan wata da sunaye a bayansu, ki sa a albam, ki ajiye inda laimar damina ba ta kaiwa.

Aikin hannunki kuwa ina roƙon ki kada ki bar shi, domin baiwa ce, kuma irin matan da suke tuna yaran maƙwabta idan sanyi ya shigo sun yi ƙaranci. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kada maƙwabciya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta ko da ƙofaton akuya ne. Salon ne kawai za ki sauya. Idan maigida ya amince, maimakon ki zauna ke kaɗai ki saƙa ki aika, ki gayyaci mata uku ko huɗu na layin su riƙa zuwa bayan la'asar sau ɗaya a mako, kowa da abin da ta iya kawowa. Wata ta zo da ulu, wata da ƙyallayen atamfa daga wurin tela, wata da kaba, wadda ba ta da komai ta zo da hannunta. Hular da mace ta saƙa wa ɗanta da kanta a tsakar gidanki ba ta da nauyin kyauta a kanta, kuma kin ba ta sana'ar da za ta iya sayarwa. Ku fara saƙar kayan sanyi tun kaka, wajen Oktoba, kafin iskar hunturu ta sauko, ku kama mafici a Fabrairu kafin zafin Maris da Afrilu, faifan Sallah kuma ku gama su tun Sha'aban, domin azumi ba ya barin mace ta zauna. Idan kyauta za ki yi, ki yi wa gidajen da ke kusa iri ɗaya, mai hali da marar hali, don kada wani gida ya ga an ware shi, kuma kada ki taɓa kuɗin cefane a kai. In kina son hoton aikinki, ki shimfiɗa hular ko faifan a kan tabarma ki ɗauka tun yana hannunki, domin da zarar ya fita ƙofa ya zama na mai shi. Kada ki yi gaggawar gayyatar maƙwabciyar nan cikin zaman, ki bari sai gaisuwarku ta koma daidai, sannan ki nemi ta zo ta taya ki.

Wancan ƙaramin hoton na mahaifiyarki kuma kada ki ƙara jinkiri a kansa. Ki kai shi shagon masu hoto a cikin makon nan su kwafe shi a kwamfuta su wanke miki babba guda biyu ko uku, ki ba 'yan uwanki nasu, na asalin ki sa shi a ambulan ki adana a wuri busasshe. Ki tambayi ƙannenta da ƙawayenta da suka rage ko akwai mai wani hoton nata na biki ko na suna a ƙasan akwati, domin sau da yawa akan samu. Idan kin je wurin maƙwabciyar, ki rubuto mini yadda kuka yi.